Marsandin Baffa da Ruwan Rijiya

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta ratsa Boɗinga da Shagari ta nufi Tambuwal ya san yadda kwalta ke huci a watan Afrilu. A gefen wannan hanya na tarar da 'ya'yan wani baffana, Allah Ya jiƙansa, sun yi cirko-cirko a kan Marsandin da ya bari, lagireto na ta turiri kamar madambaci.

Motar 280 SE ce, daga samfurin W126 da kamfanin Mercedes-Benz ya ƙera tsakanin 1979 da 1991. 'Yan Najeriya sun laƙaba wa samfurin sunan Shagari, domin a zamanin mulkin Alhaji Shehu Shagari, daga 1979 zuwa 1983, ya fara cika garejin manya, bayan shekarun da Fijo 504 mai fitowa daga Kaduna ta zama motar jami'an gwamnati. Ga shi yau ta tsaya cak a hanyar garin da ta ci sunansa.

Da na leƙa injin, sai na ga abin da na zata. Wani bakanike ya cire tamostat tun da daɗewa, wai don Turai aka yi shi, ƙasarmu kuwa zafi gare ta. Wannan fatawa ta kashe injuna da yawa. Aikin tamostat shi ne daidaita zafin injin da tura ruwa ta hanyar da ta dace. In babu shi, injin yakan daɗe bai ɗumama ba, ya sha mai fiye da kima, kuma wani kason ruwan ya riƙa kewayawa bai bi ta lagireto ba. Sannan shekara da shekaru ruwan rijiya ake ɗura mata. Ruwan nan yana barin ƙasa-ƙasa da tsatsa da ke toshe ƙananan bututun lagireto. Gangar injin baƙin ƙarfe ce, kansa kuwa alminiyom, don haka tafasa ɗaya mai tsanani ta isa ta karkata kan, ta ƙona gasket. Kuɗin galan biyu na ruwan sanyaya injin ake gudu, a ƙarshe a biya kuɗin sa.

Haka zancen mai yake. Ba kafireto gare ta ba, injekta ce irin ta Bosch mai aiki da matsin mai, wadda ƙwayar rairayi ɗaya ke iya rikita ta. Fetur ɗin 'yan bumburutu a jarka, ga ƙurar hunturu, ga matatar mai da ba a tuna ranar da aka sauya ta ba: ina laifin Bajamushe a nan?

Ban ce riƙonta da sauƙi ba. Tun da aka janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, injin mai silinda shida ya zama baƙo mai yawan ci. Kayan gyara sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano, ko Fanteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas, kuma rabinsu tsofaffi ne da aka kwance daga wata gawar. Abin da ya fi damuna shi ne masu sani. Dattawan da ke gane ciwon irin wannan injin da kunne suna ƙarewa, yaran yanzu kuwa kwamfuta suke jonawa, ita kuma ba ta da inda za a jona.

To amma motar nan gado ce, kuma nan ne gizo ke saƙa. Akwai matan marigayin biyu da ƙananan marayu da ke da haƙƙi a cikinta. Babban ɗa ya ce ba za a sayar da motar mahaifinsu ba, alhali ba shi da halin riƙe ta. Ƙaninsa ya riga ya ji ta bakin 'yan gwangwan, masu sayen ƙarfe a ma'auni. Ni a ganina duka biyun ɓarna ce. Ajiye ta ƙarƙashin dogon yaro har rana ta cinye robobinta, ɓeraye su ci wayoyinta, cin dukiyar maraya ne a hankali, ko da da sunan ƙauna aka yi shi. A kira wanda ya san darajarta ya yi mata kima, mai so a cikin magada ya biya 'yan'uwansa, in babu, a nemi mai sha'awa a waje.

Da la'asar muka ɗaure ta da igiya a bayan wata a-kori-kura zuwa Boɗinga. Babban ɗan bai ce mini uffan ba a hanya, sai da muka sauka ya tambaye ni nawa ake sayar da tamostat a Kano.