Rage kuɗin asibiti: nauyin da ya faɗa kan malaman jinya a Cadawa da kewayenta

Tun ranar 1 ga watan Satumba na 2024 dokar da hukumomin CNSP suka ɗauka ta rage rabin kuɗin ganin likita, da na gwaje-gwaje, da na kwanciya a asibitocin gwamnati ta fara aiki, haihuwa kuma ta koma kyauta. Talaka ya ji daɗin wannan mataki, kuma yana da hujja. Sai dai a gari irin Cadawa, da ke bakin babbar hanya tsakanin Maradi da Agiye, da ƙauyukan Gazawa da Gidan Runji, abin da ke raba mai rai da gawa ba farashin tikiti kaɗai ba ne. Akwai wanda zai karɓi marar lafiyar, akwai kuma abin da ke cikin kabad ɗinsa.

A mafi yawan cibiyoyin CSI na karkara, ba dokta ne ke duba mutane ba. Malamin jinya ne, wanda jama'a ke kira majo. Shi ke auna yaro, shi ke gwajin masassarar cizon sauro, shi ke ƙarin ruwa da ɗinkin rauni, in babu ungozoma ya karɓi haihuwa, sannan ƙarshen wata ya zauna cike rajista da rahoton da gunduma ke jira. Ƙananan ɗakunan shan magani da aka gina a ƙauyuka zamanin shirin musamman na shugaba Tandja Mamadou su ma a ƙarƙashin kulawarsa suke. Ma'aunin da ma'aikatar lafiya ke aiki da shi ya ce malamin jinya 1 ga mutum 5.000, amma rabon ma'aikata ya fi karkata ga Yamai da manyan birane. A ƙauye, da yawa daga masu riƙe aikin 'yan kwantiragi ne ko masu aikin sa kai da suka fito makarantun lafiya suna jiran a ɗauke su.

Lokacin da lamarin ke tsananta sananne ne ga kowa. Daga Yuli zuwa Oktoba, masassara da tamowa ke haɗuwa a jikin yaro guda, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, iyaye kuma suna gona wajen hatsi da aya. Rabon maganin rigakafin masassara na wata-wata ga yara 'yan wata 3 zuwa 59, wanda Nijar ta fara a 2013, ya rage ciwon, amma shi ma ma'aikatan CSI ne ke tsara shi da bin sawunsa. Uwa takan iso da yaro bayan kwana uku na zafin jiki, jini ya riga ya yi ƙasa. Majo ba ya da jinin ƙari. Sai ya rubuta takardar turawa zuwa asibitin gunduma na Agiye ko Maradi, a shiga neman mota da kuɗin mai.

Inda gizo ke saƙar shi ne kuɗi. Tun bayan yarjejeniyar Bamako ta 1987, da abin da marasa lafiya ke biya CSI ke sake sayen magani, ta biya mai karɓar kuɗi da mai gadi da mai shara. Da aka mayar da kula da yara 'yan ƙasa da shekara 5 da awon ciki kyauta a 2006, tsarin ya zama cibiya ta yi aiki, ta aika takardun bashi, gwamnati ta biya daga baya. Shekara da shekaru biyan yana jinkiri, bashin ya taru, kabad ya bushe. Domin warware wannan ne aka kafa hukumar INAM. Yanzu da aka rage rabin kuɗin manya ma, ragowar hanyar shigar kuɗin cibiya ta ƙara ƙanƙancewa, kuma in ba a cike gurbin a kan lokaci ba, abin da ya faru bayan 2006 zai maimaita kansa.

Wanda ke shan zargi a nan shi ne malamin jinya. An faɗa a rediyo cewa magani kyauta ne, shi kuma ya miƙa wa uba takarda ya ce a je kantin magani a sayo. Uban zai tafi da tunanin cewa an karkatar da maganin ne. Wani lokaci gaskiyarsa ce, don akwai masu yin hakan. Sau da yawa kuwa maganin ne bai zo ba. Takunkumin CEDEAO na 2023 da rufe iyaka da Benin, wadda ta tashar Kwatano kaya da yawa ke shigowa, sun ƙara wa wannan matsala gishiri.

Hakan ba ya wanke kowa. Binciken da Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan suka wallafa a 2003 kan asibitocin manyan birane biyar na Afirka ta Yamma, har da Yamai, ya nuna yadda ake fifita wanda ya san wani, ake yi wa baƙo tsawa, ake duba mutum ba a yi masa bayani ba. Har yau mata a karkara na kawo tsawar ɗakin haihuwa cikin dalilan da ke sa su zauna gida. Gajiya na bayyana wani ɓangare na wannan hali, ba duka ba, kuma ƙungiyar ma'aikatan lafiya ta SUSAS, wadda ke da ƙarfin murya kan albashi, tana da ta cewa a nan ma.

Abin da mazauna Cadawa za su iya dubawa da idonsu a damana mai zuwa ba shi da wuya: ma'aikata nawa ke kwana a cibiya da dare, ko kayan gwajin masassara da maganinta sun kai watan Oktoba, da kuma wata nawa takardun bashin cibiyar ke yi kafin a biya. Kwamitin kula da kuɗin CSI, wanda 'yan gari ke zaune a cikinsa, yana da hurumin neman waɗannan alƙaluma daga hannun majo da shugaban gundumar lafiya ta Agiye.