Hancin da Ya Daina Jin Warin Daddawa

A shekarar 2020 gwaggona ta kwanta da zazzaɓi a Gumel, aka ce na cizon sauro ne. Ita kuwa kukanta ɗaya: ta buɗe tukunyar miya ba ta jin warin daddawa, gishiri ma ba ya kama harshenta. Muka yi ta dariya. Ba a yi mako ba numfashi ya gagare ta, sai asibiti.

Ashe alama ce ta korona. Cutar takan lalata ƙwayoyin da ke tallafa wa jijiyoyin sansana a ƙuryar hanci, ƙamshi ya ɗauke ko da hancin bai toshe ba. Nan ta bambanta da mura. Ingila ta sanya wannan cikin alamun cutar tun watan Mayun 2020.

Ni a ganina, mu masu ilmin boko mun gaza. Gwaji sai an kai birni, amma tambayar "Kina jin ƙamshi?" ko kwabo ba ta ci. Wanda numfashi ya riga ya sarƙe masa kuwa, wa zai tsaya yi masa ita? Da wuri ake yinta. Aka buɗe iyakar Maigatari a watan Disamban 2020, fatake suka koma cin kasuwar Alhamis, mu kuwa a bakinmu tari da zazzaɓi kawai ake ji.

Gwaggo ta tashi, alhamdulillahi, amma wata uku 'yarta ce ke ɗanɗana mata miya.