Flint Ta Karɓi Diyya, Bagega Ta Karɓi Me?

Jama'a, a rumfunan kasuwa daga Anka har Gummi ana ta gardama a kan Amurka: wannan ya ce Trump namiji ne, wancan ya ce annoba ne. Ba mu hana ba, baki ai na mai shi ne. Amma in za a kawo zancen Amurka cikin rumfa, to, a kawo wanda ya taɓa jinin 'ya'yanmu. Ga shi.

A jihar Mishigan akwai wani gari wai shi Flint, wanda a 2014 yake da mutane kusan 100,000, galibi baƙar fata ne kuma talakawa. Gwamna ya naɗa musu kantoma wanda ba su zaɓa ba. Don tsimin kuɗi, a Afrilun 2014 aka sauya musu ruwan famfo zuwa na kogin garin, ba a kuwa zuba maganin da ke hana ruwa cin bututu ba. Tsofaffin bututun na dalma ne. Ruwa ya ci dalma, yara suka sha ruwa. Kamfanin motoci na General Motors ya bar amfani da ruwan tun Oktoban shekarar don yana sa ƙarfen inji tsatsa, amma mahukunta suka ci gaba da cewa talaka ya sha, lafiya lau ne. Ashe ƙarfe ya fi ɗan talaka gata!

Sai a Satumban 2015 wata likitar yara, Mona Hanna-Attisha, ta fito da lissafin awon jini, ta nuna yaran da dalma ta yi wa yawa sun kusa ninkawa. Aka ƙaryata ta, daga baya aka sunkuyar da kai. Gwamna Rick Snyder ya roƙi gafara a bainar jama'a, majalisa ta titsiye shi a 2016, aka tuhume shi a kotu a 2021. Ba za mu shafa wa Amurka mai ba: an yi watsi da ƙarar, manya sun sulale kamar yadda suka saba ko'ina. Amma kotu ta amince da diyyar dala miliyan 626, mafi yawanta don yara.

To, mu komo gida. A 2010 zinariya ta yi tsada, noma bai ciyar da gida, maza suka shiga rami. Dutsen da ke ɗauke da zinariyar nan a cakuɗe yake da dalma. Aka riƙa kawo shi tsakar gida, mata na dakawa a turmi, ana niƙawa a injin hatsi, ƙura na sauka a ƙasar da jinjiri ke rarrafe yana kai hannu baki. Agwagi suka fara ƙarewa, sannan yara suka fara shiɗewa suna mutuwa. Da masana na hukumar CDC ta Amurka suka bi gida-gida a Dareta ta Anka da 'Yargalma ta Bukkuyum, suka tarar cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara 5, guda 118 sun rasu cikin shekara guda. Ɗaya cikin huɗu ke nan. A jihar baki ɗaya an ƙiyasta yara aƙalla 400.

Ga abin da binciken likitoci ya tabbatar, kowa ya riƙe. Jikin yaro yana ɗaukar dalma kamar sinadarin da ke gina ƙashi, yana kuwa tsotsarta ninki 4 zuwa 5 na babba. Ta kan hau ƙwaƙwalwa, abin da ta ɓata kuma ba ya gyaruwa. Babu adadin da ba ya cutarwa. A ma'aunin awon jini, Amurka tun 2021 kan fara bin sawun yaro in ya kai 3.5. In ya kai 45 ana buƙatar maganin fitar da gubar. A ƙauyukan nan biyu, 97 cikin 100 na yaran da aka auna sun kai 45 ko sun wuce, da yawa har sun ƙure injin awon da ke tsayawa a 65. Waɗanda suka rayu, yau samari ne da 'yammata. In kun ga ɗaya bai gane karatu ko bai riƙe lissafin ciniki, ku daina ce masa dolo. Guba ce aka bari ta ci shi.

Wa ya kawo ɗauki? Likitoci Na-gari Na-kowa, wato MSF, da wani kamfanin Amurka mai suna TerraGraphics da ya jagoranci kwashe gurɓatacciyar ƙasa. Likita ba ya fara magani sai an share gari, in ba haka ba yaro zai koma cikin gubar. An share ƙauyuka bakwai, Bagega da ta fi su girma aka bar ta tana jira. Gwamnatin Goodluck Jonathan ta yi alkawarin kuɗi a Mayun 2012, ba ta sake su ba sai a farkon 2013, bayan matasa da ƙungiyar Human Rights Watch sun tsaya mata a wuya. Wace uwa ce a Abare ko Sunke aka miƙa wa ko sisin kwabo na diyya? Wane babba ne aka tsayar gaban majalisa ya faɗi inda yake lokacin da ake haƙa ƙananan kaburbura? A kawo mana sunansa, mu buga shi a shafin farko.

Sai a ce ƙaddara. Mun yi imani da ƙaddara, amma mun san masu fakewa da ita. Ko a 2017, da sanƙarau ya yi ɓarna, Gwamna Abdul'aziz Yari cewa ya yi zunubin jama'a ne ya jawo.

Masu cewa Bature zai dawo kuma su saurara. MSF ta miƙa aikin ga gwamnatin jiha a 2022. A Afrilun 2025 gwamnatin Trump ta sallami ma'aikatan sashen gubar dalma na CDC, har birnin Milwaukee ya nemi taimako kan makarantunsa aka ce babu mutane. Sai da aka yi ta kuka kafin a maido su. A shekarar aka rushe USAID. Wanda ya yi wa nasa haka, ɗan Dareta zai tuna?

Gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019, ta ɗage hanin a Disamban 2024. Hani bai taɓa raba mai yunwa da rami ba, ɓoyewa kawai yake sa shi yi, dutse ya koma cikin ɗaki. Abin da muke nema sananne ne: a keɓe wurin niƙa nesa da gari, a niƙa dutse da ruwa don ƙura ta kwanta, a tanadi wurin wanka da sauya tufa kafin leburan su shiga gida, a kuma ajiye injin awon jini mai aiki a asibitocin Anka, Bukkuyum da Gummi. Kotun Ƙoli ta yanke a Yulin 2024 cewa kuɗin ƙananan hukumomi su tafi musu kai tsaye, ba ta hannun gwamna ko kantoma ba. Saboda haka duk ɗan takarar da ya shigo kasuwa da atamfa da sabulu, sarkin kasuwa ya tsayar da shi gaban jama'a, a tambaye shi yara nawa aka auna bana a mazaɓarsa, a kuma rubuta amsar da kwanan wata.