Fim ɗin X: Laifin Marubuci, An Ɗora wa Ƙaddara

Ɗan yayata ne ya jawo mini. Ya turo fim ɗin a waya, ya bi shi da saƙon murya: "Kawu, wallahi in ka kalli wannan ba za ka ƙara raina zanen Japanawa ba." To, na kalla. Daren wata Alhamis ne, ba wuta, na jingina wayar da flas ɗin shayi, sauro na ta kai kawo a ƙafafuna, na ba shi wajen minti 100. Zanen kam ban raina ba. Masu labarin ne nake jin haushinsu har yau.

Sunan fim ɗin X, harafi ɗaya tal. Ya fito a Japan a 1996, kamfanin Madhouse ya zana, Rintaro ya ba da umarni. An ciro shi ne daga littafin zane, wato manga, na ƙungiyar matan nan CLAMP, wanda ya fara fita a mujallar Asuka a 1992. A cikin labarin shekarar 1999 ce, duniya na bakin tashi. Wasu shingaye na asiri ne ke riƙe da birnin Tokyo, in suka faɗi ɗan Adam ya ƙare. Dodannin Sama na tsaron su, Dodannin Ƙasa na son rusa su don ƙasa ta huta da ɓarnar mutane. Kowane ɓangare mutum bakwai ne, amma kowanne na da gurbi ɗaya a buɗe. Sai ga Kamui, saurayin da ya dawo Tokyo bayan shekara shida, aka ce masa ya zaɓa.

Wane irin zaɓi? Duk ɓangaren da ya ɗauka, amininsa Fuma ne zai cike gurbin ɗaya ɓangaren, ya zama abokin gabarsa. Shi kuwa Kamui ba abin da ya dame shi a duniya sai kare Fuma da ƙanwarsa Kotori. Gaba kura, baya sayaki. An kashe rabin fim ana lallashin yaro ya buɗe ƙofa, alhali duka ƙofofin a rami ɗaya suke zubewa. Kuma duk lokacin da mai kallo ya ɗaga gira zai ce me ya sa, sai wani ya fito da sanyin murya ya ce ƙaddara ce, an riga an rubuta.

Ni wannan kalma ce ta fi ƙona mini rai, don mun san ta. Ƙaddara ita ce abin da muke faɗa a zaman makoki, bayan an kai mara lafiya asibiti, an sayar da akuya an sayi magani, an yi duk abin da za a yi. Ana ganinta ne bayan ta wuce. Mun kuma san ɗaya amfanin da ake yi da ita, na direban da ya san birkinsa ba ya ci tun daga tasha, ya zubar da fasinja a kwana, ya fito yana tafa hannu yana cewa haka Allah ya so. Ƙaddarar X irin ta direban nan ce. Hinoto, mai ganin gobe a mafarki da ke zaune a ƙarƙashin ginin majalisar dokokin Japan, ta faɗi abin da zai faru, sauran kuma su yi layi su aikata. Fuma ya juye daga yaron kirki zuwa makashi kamar an danna makunni. Ba gardama da zuciya, ba daren rashin barci. Marubucin da ya kasa nuna yadda mutum ke lalacewa shi ne ke fakewa a bayan irin wannan.

Ga kuma kisan. An tara mutum goma sha huɗu, kusan kowanne da tarihinsa a littafi: Sorata daga tsaunin Koya, Arashi daga wurin bauta na Ise, Yuzuriha da karenta Inuki. A fim sai mutum ya shigo, ya faɗi sunansa, ya yi tsalle daga wannan bene zuwa wancan, ya mutu. Subaru da Seishiro, waɗanda CLAMP ta yi musu littafi guda mai suna Tokyo Babylon, sun hallaka juna tun ban gama kurɓar shayina ba. Wa zan yi wa kuka? Ban san su ba. Matan kuwa abin ya fi muni. Daga jikin mahaifiyar Kamui aka zaro takobi ɗaya, daga jikin Kotori aka zaro na biyu, a hannun yayanta. Labarin da mata suka ƙirƙira, amma mace a cikinsa kube ce.

Sannan ina mutanen da ake faɗa dominsu? An ce rayuwar ɗan Adam ce a kan faifai. Amma da zarar Dodon Sama ya kafa shingensa, sai a kwashe jama'a daga fage, tituna su zama wayam, a yi ta ragargaza gine-gine ba mai kallo. In ya mutu, ɓarnar ta tabbata a zahiri. Wato dogayen benaye na ruftawa kan dubban mutane, kyamara kuwa na can tana bin furen ceri da gashin tsuntsu da ke yawo a iska. Ba a nuna mana uwa ɗaya tana neman ɗanta ba. Kuma a tuna lokacin da aka yi fim ɗin. Ranar 17 ga Janairun 1995 girgizar ƙasa ta kashe sama da mutum 6,000 a Kobe da kewaye. Ranar 20 ga Maris na shekarar, ƙungiyar Aum Shinrikyo, wadda shugabanta Shoko Asahara ke wa'azin tashin duniya, ta saki gubar sarin a jirgin ƙarƙashin ƙasa na Tokyo. Jama'ar da tun 1973 littafin Ben Goto kan hasashen Nostradamus ya cusa musu tsoron 1999 sun ga gawa da idonsu. Bayan shekara ɗaya aka miƙa musu rushewar birni a matsayin ado. Ko hujjar Dodannin Ƙasa, cewa mutum na cinye ƙasar da ke ciyar da shi, magana ce mai nauyi da ta cancanci a yi mata muhawara. An faɗe ta a baki, aka koma sara.

Da na kai ƙorafi wurin ɗan yayata, cewa ya yi: "Kawu, ai ba ka gane ba ne, sai ka karanta manga ɗin tukuna." Na ce yaro, tuwon da sai an je gidan maƙwabta neman miya ba a kira shi abinci. Kuma manga ɗin da yake tura ni gare shi an dakatar da shi tun 2003, bayan kundi 18, ba ƙarshe. Na yarda an yi fim ɗin ne littafin bai kammala ba, don haka dole suka ƙirƙiro nasu ƙarshen. Abin da suka ƙirƙiro shi ne Kamui a Hasumiyar Tokyo, mai tsawon mita 333, kowa ya mutu, ya sare kan Fuma, ya rungume kan a ƙirji yana kuka, sai waƙar Forever Love ta ƙungiyar X Japan ta tashi don ta matso mana hawayen da labarin ya kasa matsowa. Ni dai ƙafata nake sosawa.

Shekaranjiya ya sake turo mini saƙo, wai akwai na talabijin da Yoshiaki Kawajiri ya yi a 2001, kashi 24, wai a can an ba kowa lokacinsa kuma ƙarshen daban ne. Na ce masa ya fara turo kuɗin data.