Finafinan Gaskiya da Suka Cancanci Kallon Ɗalibin Hausa

Gabatarwa

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Ɗalibin Hausa kuwa, yawancin abin da ya sani game da al'ummar da yake nazari jin sa ya yi, ko dai daga bakin malami ko daga littafi. Akwai wani irin fim da zai rage masa wannan giɓi, watau fim ɗin da ba tsararren wasa ba ne, wanda akan ɗauki mutane a gidajensu da gonakinsu da kasuwanninsu suna faɗin abin da ya same su da bakinsu. A wannan maƙala za a kira shi fim ɗin gaskiya. Manufa ita ce a gabatar da kaɗan daga cikin waɗanda suka cancanci kallo, musamman waɗanda suka shafi yammacin Zamfara, watau ƙasashen Anka da Bukkuyum da Gummi, inda garuruwa irin su Gwashi suke, sa'an nan a nuna dalilin da ya sa ya kamata sashe ya ɗauki kallonsu a matsayin karatu.

Gadon majigi

Wannan irin fim ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tun zamanin Turawa, musamman bayan da aka kafa hukumar finafinan mulkin mallaka a Ingila a 1939, motar majigi takan shiga gari, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada da dare, a nuna wa jama'a tsabtar gida da noman zamani, mai bayani na tsaye da lasifika yana fassarawa. Daga baya gwamnatin Jihar Arewa ta gaji aikin, har dattawa ba su manta da Baban Larai ba. Adamu Halilu ma, wanda ya shirya fim ɗin Shaihu Umar a 1976, a wannan fage ya goge. Sai dai majigi yana da hali guda: hukuma ce ke magana, talaka na zaune a ƙasa yana saurare. Daga nan ɗalibi zai samu ma'aunin da zai auna kowane fim da shi, wato wa ya riƙe na'urar ɗauka, wa aka bari ya yi magana, kuma don wa aka yi fim ɗin.

Zinariya da dalma

Na farko shi ne A Heavy Price, gajeren fim da ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar a 2012 game da gubar dalma a Zamfara. A 2010 ne likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara ƙanana na ta suma suna mutuwa a wasu ƙauyuka, irin su Dareta da Abare a ƙasar Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a ƙasar Bukkuyum. Bincike ya nuna duwatsun da ake haƙowa don neman zinariya cike suke da dalma. Ana kawo su cikin gari a daka a turmi ko a niƙa a inji, ƙurar ta bi ɗakuna da tsakar gida, yaro mai rarrafe ya sa hannu a ƙasa ya kai baki. An ƙiyasta yara aƙalla 400 suka rasu.

Fim ɗin ya fi mai da hankali ga Bagega, wadda a lokacin ba a tsabtace ta ba. Abin da ya fito da shi fili shi ne, ba a iya fara ba yaro maganin da ke fitar da dalma daga jiki sai an kankare gurɓatacciyar ƙasa daga gidajen, domin in an ba shi magani ya koma cikin ƙurar nan, aikin baban giwa aka yi. Saboda haka jinkirin sakin kuɗi daga gwamnatin tarayya jinkirin magani ne. Sai a 2013 aka saki kuɗin aka yi aikin Bagega. Ɗalibin da ya kalli wannan fim zai gane cewa waɗannan iyaye ba gangancin banza suka yi ba. Abin da noma ke kawowa ne ya gaza, zinariya kuma ta yi tsada.

Muryar daji

Na biyu shi ne The Bandit Warlords of Zamfara, wanda sashen bincike na BBC ya fitar a watan Yulin 2022, watanni kaɗan bayan harin Janairu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda mazauna suka ce an kashe kusan mutum 200, gwamnati kuwa ta ce 58. Mai gabatar da shi, Yusuf Anka, ɗan Zamfara ne, shi ya sa ake yi masa magana da Hausa tsantsa. Ya zanta da waɗanda aka kai wa hari, da 'yan sa-kai, da kuma shugabannin 'yan bindiga, ciki har da Ado Aleru. An kuma taɓo satar 'yan matan makarantar Jangebe su 279 da aka yi a Fabrairun 2021. Ana iya haɗa kallonsa da na gidan talabijin na Trust TV, Nigeria's Banditry: The Inside Story, wanda ya riga shi fitowa a cikin shekarar.

A nan lalle akwai magana. Gwamnatin tarayya ta wancan lokaci ta ce waɗannan finafinai ɗaukaka ta'addanci suke yi, har hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta ci Trust TV tarar naira miliyan 5 a watan Agustan 2022, haka kuma wasu kamfanonin da suka nuna fim ɗin BBC. Wannan ƙorafi ba abin yarwa ba ne gaba ɗaya, domin mai kisa in ya ga na'ura a gabansa yakan gyara zama ya ƙawata hujjarsa, kuma yaro marar wayo na iya ganin bindiga a kafaɗa ya ɗauka sarauta ce. Amma ɗalibin jami'a ba yaro ba ne, aikinsa ke nan ya saurari magana ya rarrabe tsaki da tsakuwa. A cikin fim ɗin zai ji yadda kowane ɓangare ke kiran kansa wanda aka zalunta, makiyayi na kukan burtali da shanu, manomi na kukan gona da 'ya'ya, ya kuma ga yadda ramuwar gayya ke haifar da wata. Mutanen Gwashi da maƙwabtansu ba su bukatar fim kafin su san wannan. Wanda ke zaune a ɗakin karatu a Kano ko Zariya ko Sakkwato shi ke bukata.

Darasi daga Nijar

Waɗannan finafinai na Zamfara duka suna da naƙasa guda, wato na'ura ba ta zuwa sai an yi mutuwa. Wanda bai san ƙasar ba zai ɗauka babu kome a cikinta sai makoki, alhali Anka mazaunin Sarkin Zamfara ce mai dogon tarihi, Gummi kuma gari ne na kasuwa da fadama. Don ganin yadda ɗan ƙasa ke ɗaukar rayuwar ƙasarsa, sai a leƙa Nijar.

Sani Elhadj Magori, mutumin Galmi, ya fitar da Pour le meilleur et pour l'oignon a 2008. Labarin albasar Galmi ne, daga shuka har kasuwa, da yadda auren ɗiyar manomi ya rataya ga farashin da buhu zai yi. Bayansa ya yi Koukan Kourcia, inda ya bi wata tsohuwar zabiya da waƙoƙinta suka zuga samari tafiya cirani a shekarun 1970, ya kai ta har Abijan don ta yi wata waƙar da za ta komo da su, ciki har da mahaifinsa. Ɗalibin adabin baka ba zai samu shaidar ƙarfin waƙa da ta fi wannan ba. Ita kuwa Aisha Macky, 'yar Damagaram, ta yi L'arbre sans fruit a 2016 game da halin da mace marar haihuwa ke shiga, da kuma Zinder a 2021 game da samarin unguwar Kara-Kara. A duk waɗannan, mai ɗauka ɗan gida ne, shi ya sa ya iya haƙurin zama har mutane su saki jiki.

Ribar mai nazarin harshe

Ban da darasin zaman jama'a, akwai ribar harshe. Waɗanda ke magana a finafinan Zamfara da na Galmi karin yamma suke yi, inda ake jin hwara maimakon fara, da shina maimakon yana, tare da karin magana da salon rantsuwa da na roƙo da ba a samu a littafin nahawu. Fassarar Turanci ko Faransanci da ake rubutawa a ƙasan allo takan hadiye duk wannan. Ɗalibin da ya rufe fassarar ya rubuta abin da kunnensa ya ji, ya riga ya samu kayan kundin digiri.

Kammalawa

Shawara ta farko ita ce sashe ya ware dare ɗaya a wata don nuna ɗaya daga cikin finafinan nan, malami ya jagoranci tattaunawa a kan tambayoyin nan uku da aka ambata. Ta biyu, ɗaliban da suka fito daga Anka da Bukkuyum da Gummi su yi amfani da wayoyin da ke aljihunsu su ɗauki hirar dattawa da masu sana'a da mawaƙa, ko a gida ko a inda gudun hijira ya kai su, bisa yardarsu, ba tare da jefa kowa cikin haɗari ba, sashe kuma ya adana. Ƙauyen da aka tasa, in tsofaffinsa suka ƙare, tarihinsa da karin harshensa sun tafi ke nan. In sashen Hausa bai tattara su ba, da wuya a samu wanda zai yi.