CINIKIN BIRI A SAMA: ME YA HANA MU AUNA KWAMFUTA KAFIN MU SAYA?

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Maigatari ran Alhamis ya san yadda ake cinikin sa. Mai saye ba ya fid da ko sisin kwabo sai ya buɗe bakin dabbar ya dubi haƙoranta, ya shafa tozo, ya dudduba kofato, sa'an nan ya sa a kora ta ya ga tafiyarta. Dillali yana iya yabonta har maƙogwaronsa ya bushe, amma mutumin Gumel ko na Damagaram ba ya miƙa kuɗinsa a kan yabo. Haka nan a layin 'yan hatsi, tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba za ta ɗaga tiya ta dubi gindinta, ko an bubbuge shi ya shige ciki. To, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, mu 'ya'yan waɗannan mutane, da muka yi boko har muka zo jami'a, mu ne kuma muke shiga shago mu zube kuɗin ɗan maraƙi a kan kwamfuta ba tare da mun buɗe bakinta ba.

Wani yayana, sabon malamin makaranta a ƙasar Gagarawa, ya yi wata da watanni yana zubin adashi. Ran da ya kwasa ya hau mota sai Kano, ya sayo kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu, fes da ita kamar ba a taɓa buɗe ta ba. Abin da mai shago ya gaya masa bai wuce kalma biyu ba, wai Core i5 ce. Ya iso gida da murna, ya saka hoton bidiyon da ya ɗauka da wayarsa don ya nuna wa ɗalibansa, sai hoto ya riƙa tsalle, murya tana gaba, baki yana baya. Aka ɗauke wuta, kafin a idar da sallar isha'i batir ya mutu. Da ya koma shagon, sai aka ce masa ai ciniki ya faɗa. Ban ce an yi masa ƙarya ba, domin kuwa Core i5 ɗin ce. Sai dai ba a gaya masa ta wace shekara ba ce, shi kuma bai san yadda zai tambayi na'urar da kanta ba.

Wannan suna na Core i5 kamfanin Intel ya fara fito da shi tun 2009, kuma ya yi ta maimaita shi a kan firosesa iri-iri, zuriya bayan zuriya. Ta zuriya ta biyu ta fito a 2011, ta takwas kuwa a 2017. A yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka, tsofaffin suna da cibiyar aiki biyu, ta zuriya ta takwas tana da huɗu. Watau cewa "Core i5 ce" daidai yake da dillali ya ce maka "sa ne", bai faɗi ko ɗan shekara uku ba ne ko kuwa tsohon da ya gama noma. Bugu da ƙari, wayoyin zamani da yawa suna ɗaukar bidiyo da tsarin matse hoto da ake kira HEVC, kuma sai daga zuriya ta shida, ta 2015, firosesan Intel ya sami sashe na musamman mai warware wannan tsari gaba ɗaya. Wadda ta girmi wannan sai ta yi aikin da ƙarfin tsiya, ta yi zafi, fanka ta yi ta kuka, hoto ya yi ta tsalle. Wannan shi ne ciwon kwamfutar yayana.

Alhali kuwa akwai sikelin kwamfuta, kuma ya daɗe. Manhajar awo wata 'yar manhaja ce da ke ɗora wa na'ura aiki sananne, ta duba tsawon lokacin da ta ɗauka, sa'an nan ta ba ta maki. Da yake aikin iri ɗaya ne ake ɗora wa kowace na'ura, ana iya kwatanta makin wannan da na waccan. Tun 1972 masana a Ingila suka tsara wani awo mai suna Whetstone, a 1984 kuma Reinhold Weicker ya fito da Dhrystone. Da kwamfuta ta shiga gidaje, mutane suka koma kallon fim da jin kiɗa da wasanni a kanta, sai awon ma ya bi su. Kamfanin Futuremark na ƙasar Finlan ya fito da 3DMark a 1998 don auna ƙarfin zana hoto mai motsi, daga baya ya ƙara da PCMark, wanda ke gwada ayyukan yau da kullum, kamar buɗe manhaja, da shiga intanet, da taron bidiyo, da rubutu, da gyaran hoto. Akwai kuma Geekbench da Cinebench masu auna firosesa, da CrystalDiskMark mai auna saurin faifan ajiya.

Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne wanda kamfanin Microsoft ya saka a cikin Windows Vista, wadda ta shiga kasuwa a 2007, mai suna Windows Experience Index. Yana auna sassa biyar: firosesa, da ƙwaƙwalwar aiki, da zanen allo, da zanen wasanni, da faifan ajiya. A Vista makin yana tashi daga 1.0 zuwa 5.9, a Windows 7 ya kai 7.9, a Windows 8 ya kai 9.9. Hikimar da ke ciki ita ce, babban makin na'urar ba jimla ba ne, ba kuma matsakaici ba. Mafi ƙanƙantar maki a cikin biyar ɗin shi ake ɗauka. Duk wanda ya san fatauci ya san dalili, ayari ba ya wuce saurin raƙumin da ke ɗingishi. Firosesa mai ƙarfi da tsohon faifai mai juyawa ba za su ba ka daɗin aiki ba, domin kullum mai saurin yana jiran mai nawar. An cire allon wannan maki a Windows 8.1 a 2013, amma injin awon bai tafi ba. Wanda ya buɗe tagar umarni da izinin mai gida, ya rubuta winsat formal, na'urar za ta auna kanta.

A ganina, ɗalibi ko ƙaramin ma'aikacin Gwamnati da zai sayi kwamfuta ta hannu, abu huɗu ya kamata ya duba kafin ya ƙirga kuɗi, kuma duka ba su wuce rabin sa'a ba. Na farko, cikakken sunan firosesa da lambarsa, sa'an nan ya gwada shi da Geekbench ko makamancinsa, ya kwatanta makin da na irinta a intanet. In makin ya faɗi ƙasa ƙwarai, akwai abin da ke damun ta. Na biyu, faifan ajiya. Manhajar CrystalDiskInfo, wadda kyauta ce, tana nuna lafiyar faifai da yawan sa'o'in da ya yi yana aiki, kuma waɗannan su ne haƙoran kwamfuta. Na uku, batir. Umarnin powercfg /batteryreport yana fid da takarda mai nuna ƙarfin da aka ƙera batirin da shi da kuma wanda yake iya ɗauka yanzu. A misali, in an ƙera shi da 48,000 amma yanzu 18,000 yake ɗauka, to, ka san batir za ka saya nan gaba kaɗan, sai a rage maka kuɗinsa. Na huɗu, ka zo da bidiyonka a 'yar ma'ajiyarka, irin wanda za ka riƙa aiki da shi, ka kunna, ka saurari lasifika, ka gwada kyamara da makirufo. Gani ya kori ji.

Akwai kuma abin da maki ba ya faɗa, sai a tambaya. Ran 14 ga Oktoba, 2025, Microsoft ya daina ba Windows 10 tallafinsa na yau da kullum, ita kuwa Windows 11 a ƙa'ida tana neman firosesan Intel na zuriya ta takwas zuwa sama, in ban da 'yan kaɗan, tare da wani sashen tsaro da ake kira TPM 2.0. Ba sai an yi duba ba kafin a gane cewa ofisoshin Turai da Amurka za su sallami tsofaffin na'urorinsu, kuma mun san inda irin wannan kaya yake sauka. Ba laifi ba ne a saye su, domin da yawa suna da sauran amfani, amma a saye su da farashinsu na gaskiya.

Na san akwai masu cewa wannan duk ɓata lokaci ne, domin makin ma ana yi masa maguɗi. Lalle suna da hujja. A 2013 mujallar AnandTech ta nuna cewa wasu wayoyin Samsung suna gane manhajar awo, sai su ƙara wa kansu gudu a lokacin gwajin kaɗai, kuma a wannan shekara Futuremark ya cire wasu na'urorin Samsung da HTC daga jerinsa. A 2018 an yi wa wasu wayoyin Huawei haka. Tun kafin nan, a 2011, kamfanin AMD ya fice daga ƙungiyar BAPCo yana ƙorafin cewa awonta na SYSmark 2012 bai yi adalci ba. Amma ina tambaya, don an sami mai tauye mudu, sai mu ce a daina awo a koma sayar da gero da ido? Addininmu da ya yi kashedi mai tsanani a kan tauye ma'auni, a Suratul Muɗaffifina, bai hana awo ba, cika shi ya umarta. Kuma a lura, waɗannan maguɗi da awo aka kama su. Maganin sikeli mai ha'inci shi ne a kawo na biyu.

Ƙorafin da na fi ɗauka da nauyi shi ne na biyu, cewa waɗannan ma'aunai ba don mu aka yi su ba. Wanda ya tsara su yana zaune a ɗaki mai sanyi, wuta ba ta ƙiftawa, intanet kuma kamar ruwan famfo. Mu kuwa a Gumel da Sule Tankarkar, a watan Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40, kuma firosesa in ya yi zafi yakan rage gudunsa da kansa don kada ya ƙone. Da hunturu ƙura ta toshe ƙofofin iska, sai abin ya ƙaru. Kwamfutar da ta ci maki mai kyau a gwajin minti biyu cikin shago mai na'urar sanyaya ɗaki tana iya zama jaka da azahar a sakatariyar Ƙaramar Hukuma. Saboda haka kada a yi gwaji sau ɗaya. A maimaita shi sau uku ko huɗu a jere, a ga ko makin yana zubewa, kuma a gwada a kan batir, ba a kan wuta kaɗai ba, domin na'urori da yawa suna rage ƙarfi da zarar an zare waya. Mu a wurinmu, wadda ke riƙe caji sa'a biyar ta fi wadda ta ninka ta gudu amma ba ta wuce sa'a guda.

Wannan ya kawo ni kan abin da nake roƙo. Da farko, Ƙungiyar Ɗalibai ta buɗe teburin awo, ko da sau ɗaya a mako, inda 'yan sashen kimiyyar kwamfuta za su duba wa 'yan'uwansu na'ura kyauta, su kuma koya musu yadda ake yi. Ƙungiyoyin ɗaliban Masarautar Gumel su kai irin wannan gida lokacin hutu, musamman ga ƙannenmu na Kwalejin Ilmi ta Gumel da masu shirin jarrabawar shiga jami'a, wadda tun 2015 a kan kwamfuta kaɗai ake rubuta ta. Na biyu, 'yan kasuwarmu na titin Beirut da Farm Centre a Kano, da ƙananan shagunan garuruwanmu, su yarda mai saye ya gwada kaya a gabansu. Mai kaya mai kyau ba ya tsoron sikeli, hasali ma shi zai ci riba, domin awo ne zai raba shi da mai sayar da ruɓaɓɓe.

Na uku, ku yayyenmu da kuka fara aikin Gwamnati, wata rana takardar sayen kwamfutoci don makaranta ko asibiti za ta biyo ta teburinku. Kada ku bari a rubuta suna kawai. A rubuta zuriyar firosesa, da irin faifai, da ƙarfin batir, da makin da dole kowace na'ura ta ci kafin a sa hannu a karɓa. Kuɗin talakawan Gagarawa da Maigatari ne, kuma amana ce a wuyanku. Na huɗu, jihar da ta kafa cibiyar koyon kwamfuta a Kazaure tun farkon shekarun 2000, ga kuma jami'a a Dutse tun 2011 da wata a Kafin Hausa tun 2013, ba ta rasa matasan da za su iya rubuta manhajar awo ta kanmu ba. A yi ta da Hausa, ta auna zafi da batir da kallon bidiyo a kan intanet mai rauni, ta ba da amsa da kalmomin da malamin firamare zai gane. Ga aikin kammala digiri da zai amfani jama'a, maimakon wanda zai ƙare a kan kanta ƙura tana ci.

Ba na cewa kowa ya sayi sabuwa, domin mun san halin da aljihu yake ciki, kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Abin da nake cewa shi ne, mutum ya san rariya ya saya, kada a ba shi ita da sunan ƙwarya. Yayana ya sake shiga wani adashin. Wannan karon ya ce ba zai tafi Kano ba sai da ni, da kuma 'yar ma'ajiyar da na zuba wa manhajojin awo. Allah Ya sa mu gane, Ya kuma yi wa nemanmu albarka, amin.