Adon Bango A Zariya: Tun Ran Gini, Tun Ran Zane

Duk wanda ya ratsa Zariya daga Sabon Gari, ya bi ta Tudun Wada har ya shiga birni ta Ƙofar Doka, idan ya lura da bangaye zai ga abu iri biyu. Na farko shi ne fastocin 'yan takara da aka liƙa wani bisa wani, da tallan masu maganin gargajiya, da gargaɗin kada a yi fitsari, da sunayen ƙungiyoyin samari waɗanda aka zana da gawayi ko fenti. Na biyu kuwa shi ne tsofaffin gidajen da magina suka yi wa ado a fuskar zaure, da dagi da sauran zane-zane masu ƙayatarwa. Abin takaici shi ne na farkon ƙaruwa yake yi kullum, na biyun kuwa raguwa yake yi duk damina.

Adon bango ba baƙon abu ba ne a ƙasar Zazzau. A zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wanda ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846, Muhammadu Durugu, watau Babban Gwani, ya gina Masallacin Juma'a na birnin, kuma har yau masana gine-gine suna lissafa shi cikin manyan ayyukan da aka taɓa yi da ƙasa a Afirka ta Yamma. Darajar aikin ce ta sa aka gina kwatankwacinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. Magina da suka biyo bayansa sun fito da wannan fasaha daga cikin soro zuwa bakin titi. Sukan fitar da zane a jikin yaɓe tun yana ɗanye, sa'an nan su shafe shi da makuba, wadda ake haɗawa da ɓawon ɗorawa, domin ya jure wa ruwan sama. Da siminti da fenti suka wadatu, sai attajirai suka shiga gasar ƙawata ƙofofin gidajensu, har keke da mota da jirgin sama suka sami wuri kusa da takobi da dagi. Ke nan bangon mutum yana faɗa wa mai wucewa arzikinsa da sana'arsa da zamanin da yake ciki.

Baƙi sun daɗe da gane darajar wannan aiki. A 1963 Anthony Kirk-Greene ya wallafa ɗan littafi a kan gidajen Zariya masu ado, a 2007 kuma Friedrich Schwerdtfeger ya fito da babban nazari a kansu. To, amma littafi ba ya hana bango faɗuwa. Magidanci ya rasu, magada su raba gida, a rushe zaure a gina shaguna da bulo, shi ke nan aikin da ya shekara sittin ya tafi cikin yini ɗaya. Inda zauren ya tsira kuma, sai mai liƙa fasta ya zo cikin dare ya rufe fuskarsa da hoton wanda ke neman kujera.

Kada a ɗauka cewa duk rubutun da ke jikin bango ɓarna ce. A Jamhuriya ta Biyu, daga 1979 zuwa 1983, wanda bai iya karatun boko ba ya san mabuɗi alamar PRP ce, gida da masara kuma alamar NPN, domin kuwa ido yana karanta zane tun kafin ya koyi harafi. Haka nan masu zanen manyan motoci da masu rubuta allunan shaguna suna da gwaninta wadda ba a koyar da ita a aji ba. Yaron da ya ɗauki gawayi ya zana sunan ƙungiyarsu a katangar makaranta laifi ya yi, babu shakka, domin babu mai ikon taɓa bangon wani ba da izini ba. Amma sau da yawa hannun da ya yi wannan ɓarna shi ne wanda, in ya sami mai horar da shi, zai ci abinci da buroshi.

Wasu birane sun gane haka, sun kuma amfana. A Dakar, babban birnin Senegal, wajejen 1990 matasa suka tashi da wani yunƙuri da ake kira Set Setal, ma'anarsa da harshen Wolof tsabta da tsabtacewa. Suka kwashe shara, suka gyara magudanan ruwa, suka cika bangayen unguwanni da zane-zanen tarihi da na kiwon lafiya. A Filadalfiya ta Amurka kuma, a 1984 hukumar birnin ta kafa shiri don yaƙi da masu ɓata bango, ta ɗauki wata mai zane, Jane Golden, ta jawo samarin da ke ɓarnar suka koma yin zane bisa izini. Shirin ya samar da manyan zane-zanen bango fiye da 4,000. Darasin a fili yake: bangon da jama'ar unguwa suka ƙawata da hannunsu, su ne ke tsaronsa. Wanda aka bari ba mai kula kuwa, kowa ya san sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Zariya ta fi garuruwa da yawa kayan yin wannan aiki. A nan ne a 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar masu zane a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suna kira da a haɗa fasahar gida da wadda aka koya a makaranta. Sashen koyar da zane na jami'ar yana nan yana yaye ɗalibai kowace shekara. Sai dai ayyukansu sun fi tsayawa a Samaru, talakan da ke cikin birni bai cika ganinsu ba.

Akwai masu ƙyamar abin saboda maganar hotunan masu rai, kuma damuwarsu abin dubawa ce. Amsarta tana cikin al'adar kanta, domin mafi yawan adon magina saƙa ce ta layuka da da'ira da dagi, irin wadda ake gani a zayyanar allo da aikin babbar riga. Ana iya cika gari da ado ba tare da an saɓa wa abin da jama'a suka yarda da shi ba.

Saboda haka ya kamata a yi abubuwa huɗu ba da ɓata lokaci ba. Na farko, Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ta haɗa kai da jami'a da Masarautar Zazzau a ƙidaya gidajen da suka rage, a ɗauki hotunansu, a rubuta sunayen maginan da suka yi su tun dattawan da suka sani suna raye. Na biyu, a taimaka wa masu gidajen da kuɗin gyara, a ba tsofaffin magina aikin, kowanne da almajiran da zai koya wa. Na uku, ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari su ware katangun makarantu da kasuwanni da tashoshin mota, su miƙa su ga ɗalibai da masu zanen gari bisa yardar masu unguwanni, a kuma biya su ladan aikinsu. Na huɗu, a tanadi alluna na musamman don fastoci, duk jam'iyyar da ta liƙa nata a wurin tarihi a ci ta tara, a kuma tilasta mata cirewa.

Ma'aikatan da ke tsara kasafin gine-ginen gwamnati su ma suna da nasu nauyin. Duk makaranta ko asibiti ko gada da za a ba da kwangilarta, a sa kuɗin ado cikin lissafi tun farko, komai ƙanƙantarsa. Magabata sun ce tun ran gini, tun ran zane. In aka jira sai yaɓe ya bushe, kuma maginan da suka san aikin suka ƙare, to, ko an ware kuɗin, ba za a sami wanda zai karɓe shi ba.